Tsakanin Fassara da Sakin Baki a Koyar da Baƙon Harshe

Hanyar nahawu da fassara, wadda makarantun Turai suka gada daga koyar da Latin da Girkanci, ta ginu ne a kan haddace ƙa'idoji da juya jimloli daga baƙon harshe zuwa harshen ɗalibi, kuma ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san karatun zaure, inda ɗalibi yake jan baƙi kalma bayan kalma malam yana fassara masa da Hausa, har a kai ga Ajurumiyya da Alfiyyar Ibn Malik mai kimanin baiti 1,000. Tana fitar da mai karatu mai zurfi wanda zai warware jimla mai sarƙaƙiya ya faɗi matsayin kowace kalma, sai dai sau da yawa bakinsa yakan yi nauyi idan ciniki ya haɗa shi da Balarabe a kasuwa. Hanyar kai-tsaye kuwa, wadda Maximilian Berlitz ya yi suna da ita bayan ya buɗe makarantarsa a Amurka a 1878, ta hana fassara ɗungurungum: malami yakan ɗaga littafi ya ambaci sunansa, ya buɗe ya rufe yana faɗin abin da yake yi, ɗalibi kuma ya tsinci ƙa'ida daga yawan ji. Masu fifita ta suna da gaskiya game da sakin baki, amma sukan manta cewa tana buƙatar ƙaramin aji da malamin da harshen ya zauna a bakinsa, abubuwan da makarantu masu cunkoso ba kasafai suke samu ba.