Ra'ayi: Kafin a sayi ƙaramar tarakta, a fara auna gangaren gona da waya

Matashin da zai sayi sabuwar waya ya san abin da zai duba: girman RAM, ƙarfin batir da lambar da aka rubuta a jikin kyamara. Wadda lambarta ta fi girma ita ke jan ido. Da wannan ɗabi'a matasa da dama ke shiga kasuwar taraktoci, yanzu da noma ya fara jan hankalinsu kuma bidiyon ƙananan taraktoci ya cika TikTok da Facebook. Tambayar farko da ake tura wa dillali a WhatsApp ita ce HP nawa gare ta, ta biyu kuma nawa ne kuɗinta na ƙarshe.

A filayen shinkafa na Kura da Kadawa, inda ƙasa ke shimfiɗe kamar tabarma, waɗannan tambayoyi sun wadatar a fara ciniki. Amma wanda gonarsa ke Bokkos ko Mangu a jihar Filato, ko Gembu da Nguroje a kan tsaunin Mambila, ko gindin duwatsun Michika, akwai tambayar da ta riga su: gangaren gonar digiri nawa ne? A gonar tudu, wannan lamba ce ya kamata ta zaɓi tarakta, domin ita ke nuna ko injin zai yi aiki lafiya ko zai kife da mai shi. Kuma na'urar auna ta tana cikin aljihun mai gonar.

Yadda waya ke auna gangare

Kowace wayar zamani tana ɗauke da ƙaramar na'urar da ke gane karkatarta, wadda ke juya allo idan an kwantar da wayar. Ita ce dai ke auna gangare. A iPhone akwai ma'aunin a cikin manhajar Measure, a Android kuwa akwai manhajojin auna karkata kyauta a Play Store. Abin da ake buƙata shi ne katako miƙaƙƙe mai tsawon kamar mita biyu. A kwantar da shi a ƙasa, kansa ɗaya na kallon tudu ɗaya na kallon kwari, a ɗora wayar a kai, a karanta lambar. A maimaita a wurare da yawa, musamman inda ya fi tsayi, da bakin kwazazzabo, da hanyar shiga gonar, da wurin da tarakta za ta riƙa juyawa. Lambar da ta fi muni ita ce abin riƙewa.

Masu koyar da tuƙin tarakta da yawa suna ɗaukar digiri 15 a matsayin iyakar da bai kamata ƙaramar tarakta ta wuce ba idan tana ratsa gangare a kaikaice. Digiri 15 na nufin ƙasa na tashi kusan mita 27 a kowace mita 100. A ido ba ya da ban tsoro, shi ya sa ake raina shi. Littafin da kamfani ya haɗo da taraktar yana iya ba da iyakar da ta gaza haka, kuma maganarsa ita ce gaba.

Ko gangaren da bai kai nan ba yana da nasa tarkon. A ɗauki tarakta mai faɗin mita 1.2 tsakanin tayoyinta tana ratsa wuri mai digiri 10. Idan tayar da ke ɓangaren kwari ta faɗa rami mai zurfin santimita 20, ko wadda ke ɓangaren tudu ta hau dutse ko suri mai wannan tsayi, karkatar ta ƙaru da kusan digiri 10 nan take. Wurin da waya ta nuna 10 ya koma kusan 20 kafin direba ya taka birki. Gonakin Filato cike suke da duwatsu, ga kuma tsofaffin ramukan haƙar kuza.

Ƙarfen da ya fi HP muhimmanci

A Amurka, hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata ta daɗe tana bayyana kifewar tarakta a matsayin babban abin da ke kashe manoma a bakin aiki. Maganin da aka samo shi ne wani ƙarfe mai kama da baka ko firam da ake kafawa a kan kujerar direba, wanda ake kira ROPS. Idan tarakta ta kife, ƙarfen ke tokare ƙasa ya bar wa direba sarari. Ƙasar Suwidin ce ta fara wajabta shi a kan sababbin taraktoci a 1959, kuma mace-macen kifewa a can sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari a shekarun da suka biyo baya. Lissafin NIOSH ya nuna cewa ƙarfen, idan an haɗa shi da ɗaura bel, yana hana mutuwa ko mummunan rauni da kashi 99 cikin ɗari.

Nan ne matsalar tokumbo take. Ƙananan taraktocin da ake shigowa da su na hannu daga Japan, da yawansu an ƙera su ne don fadamun shinkafa masu lebur. Sirara ne, tayoyinsu na taɓo ne, kuma tsofaffin cikinsu sukan zo babu ROPS. Injinsu na da ƙarko, farashinsu na da sauƙi, a hoto kuma sun yi kyau. Amma siririyar tarakta marar ƙarfen kariya ita ce mafi haɗarin abin da za a hau a gonar tudu. Araha ba ta ado.

Akwai kurakurai biyu da ya kamata a guje musu. Na farko, rumfar inuwa da ke kan wasu taraktoci ba ROPS ba ce, laima ce kawai. Haka ma bututun da mai walda zai lanƙwasa ya liƙa a bakin titi: ba a gwada shi da nauyin tarakta ba, yana iya karyewa ya soke wanda aka yi shi dominsa. Na gaskiya yana da tambarin gwaji a jikinsa. Na biyu, bel da ROPS tare suke tafiya. Idan akwai ƙarfen, dole a ɗaura bel don kada direba ya faɗo taraktar ta danne shi. Idan babu ƙarfen, bel zai ɗaure mutum ne a ƙarƙashin nauyin. Wasu ƙarafan ana iya naɗe su don shiga ƙarƙashin rumfa, to a tabbata an miƙe su kafin a fita gona.

Abin da za a duba bayan nan

Sai 4WD, wato mai jan taya huɗu. A yawancin ƙananan taraktoci birki na tayoyin baya ne kaɗai. Idan ana gangarowa da kaya, nauyi na komawa gaba, tayoyin baya su yi sauƙi su fara sulɓi, musamman a jiƙaƙƙiyar ciyawa irin ta Mambila. Idan 4WD na kunne, tayoyin gaba na haɗe da na baya, don haka riƙon ya shafi duka huɗun. A ƙasa lebur ana iya cewa 4WD ƙarin jin daɗi ne. A tudu kuwa wani ɓangare ne na birki.

Sai faɗi da nauyi. Tarakta mai faɗi wadda nauyinta ke ƙasa-ƙasa ta fi wuyar kifewa. Da yawa ana iya juya ko matsar da tayoyin bayansu su ƙara buɗewa, ana kuma iya zuba ruwa cikin tayoyin don nauyi ya sauka ƙasa. Wannan tambaya ce da ya kamata dillali ya amsa kafin a biya kuɗi.

Sai giya. Akwai mai kuloci da giyar hannu, akwai kuma HST wadda ake takawa gaba ko baya da ƙafa, idan an ɗaga ƙafar ta rage gudu da kanta. Ga sabon direba a gangare, HST ta fi sauƙi domin babu canza giya a tsakiyar hawa. Mai giyar hannu kuwa ta fi jure huɗa mai nauyi, kuma bakaniken gari ya fi saninta. Wanda garinsu babu mai gyaran HST, gara ya ɗauki mai giyar hannu ya koyi tuƙi sosai a fili lebur tukuna.

Sai a zo kan HP, wanda shi ma tudu ke taɓawa. Injin dizal marar turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, saboda iska na raguwa. Jos na kan tsayin kusan mita 1,200, tsaunin Mambila kuma kusan 1,600. Ke nan tarakta mai HP 25 a Legas za ta yi aiki kamar mai 22 a Jos, kamar mai 21 a Mambila. A yi wannan ragi kafin a zaɓi girman garma ko rija.

Abu na ƙarshe shi ne kayan gyara. Tarakta mai kyau da za ta kwana wata guda tana jiran matatar mai a tsakiyar damina ta zama kayan ado. Sunaye irin su Massey Ferguson, Mahindra, John Deere da Kubota sanannu ne, amma abin tambaya shi ne ko samfurin da za a saya yana da kayan gyara da mai gyara a kusa da gonar.

Tuƙi a gangare

Ƙa'idojin kaɗan ne, sai dai ba sa yafiya. A zaɓi ƙaramar giya tun kafin a fara sauka, kada a taka kuloci ko a sa ta a firi a tsakiyar gangare. Tudu mai tsayi ana hawansa da ribas, a sauko da gaba, yadda bayan taraktar zai kasance yana kallon sama. Birkinta biyu ne, na hagu da na dama, a haɗa su da maƙullinsu duk lokacin da za a hau hanya. Idan akwai bokitin ɗaukar kaya a gaba, a riƙe shi kusa da ƙasa. Duk abin da za a ja, kututture ne ko motar da ta maƙale, a ɗaura shi a ƙarfen ja da ke ƙasa a bayanta. Idan aka ɗaura a sama da sandar tayoyin baya, gaban taraktar na iya tashi ta kife ta baya, kuma cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya take wuce inda za a iya dawo da ita. Sandar PTO da ke juya kayan aiki tana zagaye 540 a minti, wato sau tara a daƙiƙa, don haka babbar riga ko rawani ba kayan tsayawa kusa da ita ba ne. Kujera ɗaya ce a kan tarakta. Al'adar ɗora yara da abokai a kan murfin taya ya kamata ta tsaya.

Inda bai kamata tarakta ta shiga ba

Akwai wani cikas da mai gonar tudu ba zai kauce masa ba. Kunyar da aka ja daga sama zuwa ƙasa ta fi aminci ga direba, amma tana buɗe wa ruwan sama hanya ya kwashe ƙasa da taki. Kunyar da aka ja a kaikaice tana tare ruwa, amma ita ce ke sa tarakta ta karkata. A gangare mai sauƙi, huɗar kaikaice ce daidai. Inda waya ta nuna lamba ta kusa iyaka, wurin ba na tarakta mai taya huɗu ba ne. Manoman duwatsun Gwoza da na Sukur a Madagali, wurin da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1999, sun warware wannan tun zamanin kakanni da gina matakalai na dutse a jikin tsauni. A irin waɗannan wurare injin huɗa mai taya biyu da ake bi a ƙasa, ko shanun huɗa, sun fi dacewa, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba.

Wani zai ce duk wannan ƙarin kuɗi ne, ga shi akwai direbobin da suka shekara ashirin suna huɗa babu ROPS kuma ba abin da ya same su. Gaskiya ne 4WD da ƙarfen kariya suna ƙara farashi. Amma ana iya rage kuɗin ta wani wajen: a sauko daga HP 35 zuwa 25, a jinkirta sayen tirela ko bokitin gaba zuwa baɗi. Tsohon direba kuma ya san kowane dutse a gonarsa, abin da sabon mai tarakta bai da shi a shekararsa ta farko, lokacin da haɗari ya fi kusa da shi.

Wani kuma zai ce babbar tarakta ta fi kawo kuɗin haya. A ƙasa lebur haka ne. A ƙananan gonakin dankalin Turawa da ke warwatse tsakanin duwatsu, wadda za ta iya shiga ta juya ita ce ke samun aiki. Wanda ma bai tabbatar ba yana iya fara gwada haya na damina ɗaya. Kamfanin Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a Najeriya a 2014, ya gina kasuwancinsa ne kan haɗa masu taraktoci da manoma ta manhajar waya, kuma ko inda manhajar ba ta kai ba akwai masu bayar da haya. Kwana biyu na kallon tarakta tana aiki a gonar mutum sun fi bidiyo ɗari koyarwa.

Matashin da ya tara kuɗi shekara da shekaru, ko ya ci bashi, ko 'yan uwa suka haɗa masa, yana da haƙƙin sanin abin da zai hau. Kafin ya tura wa dillali ko sisi, ya ɗauki katako da wayarsa ya zagaya gonar, ya rubuta lambobin. Daga nan sai ya nemi hoton tambarin ROPS, ya tambayi faɗin tayoyi da 4WD da wurin samun kayan gyara. Dillalin da ya kasa amsa waɗannan ya riga ya ba shi amsar da yake buƙata.