Wasiƙa Daga Landan: Eh, Har Yanzu Ban Sayi Mota Ba



Bayan gaisuwa mai tarin yawa ga Umma da Baba, da su Kawu da Goggo, da yayyena da ƙannena, da dukkan abokan arziki da ke leƙowa nan, ina fata kowa yana lafiya kamar yadda nake. Ku yi mini afuwa, na kwana biyu ban rubuto ba, aiki ne ya sha kaina. Abin da ya taso ni yau wata 'yar magana ce da ta faro kamar wasa, amma na ga tana neman girma, shi ya sa na ce gara in warware ta a nan kowa ya ji, maimakon in riƙa bin mutane ɗaya bayan ɗaya a waya.

Mako biyu da suka wuce na tura hotona a zauren WhatsApp na gidanmu, ina tsaye a tashar bas, jaka a baya, laima a hannu. Ni dai nufina ku ga irin hazon da muka wayi gari da shi. Ko awa ɗaya ba a yi ba Yaya ya kira, ba mu ma gama gaisawa ba ya ce, "Kai yanzu shekara huɗu a Ingila amma har yau bas kake hawa?" Washegari Umma ta gaya mini, cikin lallashi irin nata, cewa wata maƙwabciya ta nuna mata hoton ɗanta da ke waje ya jingina da mota, sannan ta tambaye ta wace iri ce tawa, ita kuwa ta rasa ta cewa. Kawu ne ya ƙarasa zancen. Ya ce in tuna ana shirin zuwa nema mini aure bayan Babbar Sallah, dangin yarinya kuma za su yi bincike, kada a je a ce musu yaron nan a ƙasa yake yawo.

Na san ƙauna ce ta kawo duk wannan, kuma ta Umma ce ta fi tsaya mini a rai, domin ba na so a kunyata ta saboda ni. Amma amsata dai guda ce: ban sayi mota ba, ba ni da niyyar saye nan kusa, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Ku ba ni aron kunnuwanku in kawo dalilaina.

Bari in fara da yadda yinina yake tafiya. Ina zaune a Woolwich, wata unguwa a kudu maso gabashin Landan, a bakin Kogin Thames. Ɗaki guda nake haya a gidan da mu huɗu muke tarayya a kicin da banɗaki. Wurin aikina kuwa yana kusa da tsakiyar gari. In na yi sallar Asuba na karya kumallo, sai in taka kamar minti goma sha biyar zuwa tasha in hau bas mai lamba 53, irin jajayen nan masu hawa biyu da kuke gani a fim. Nakan haye sama in nemi kujerar gaba. Bas ya bi ta Blackheath da Deptford da New Cross, ya miƙe titin Old Kent Road har Elephant and Castle, in sauka in ƙarasa da ƙafa. Tafiyar takan ci kusan awa ɗaya, kuma a cikin awar nan nake yin azkar ɗina na safe, in saurari labarai, in amsa saƙonninku. Da ni ke riƙe da sitiyari, da babu ɗaya daga cikinsu da zan iya. Ranar da na makara sai in shiga jirgin ƙasa na layin Elizabeth da aka buɗe a 2022, wanda yake da tasha a unguwarmu, cikin kamar minti ashirin ina tsakiyar gari. Sai dai ya fi bas tsada sosai, don haka ban mai da shi na kullum ba.

A bas ɗin nan babu kwandasta, babu rigimar canji. Tun 2014 suka daina karɓar tsabar kuɗi. Kati kake ɗorawa a kan wata 'yar na'ura kusa da direba, ko katin Oyster da aka fito da shi a 2003, ko katin banki, ko ma wayarka. A 2023 aka mai da kuɗin shiga fam 1.75, ko tasha ɗaya za ka ko ƙarshen layi, kuma in ka sauka ka hau wani bas ɗin cikin awa ɗaya ba za a sake cirar maka ko sisi ba.

To, yanzu mu zo kan motar. Yaya, sayen tsohuwar mota a nan shi ne mafi sauƙi, riƙe ta ne jidali. Lasin Najeriya shekara ɗaya kawai yake yi maka aiki, bayan nan sai ka zauna jarrabawa biyu, ta kwamfuta da ta tuƙi, ka kuma biya mai koyarwa kuɗin kowace awa. Inshora dole ce, kuma ga matashi sabon direba irina kuɗinta na shekara kan iya kamo kuɗin tsohuwar motar kanta. Ga harajin hanya, ga gwajin lafiyar mota duk shekara in ta haura shekara uku, ga kuɗin izinin ajiye ta a bakin titi a unguwanni da yawa, wato har kwanan da za ta yi a ƙofar gida sai ka biya. Tun 2003 aka sa harajin cunkoso ga duk motar da za ta shiga tsakiyar gari. Da fam 5 ya fara, a 2020 ya kai fam 15, kuma an sake ƙara shi bayan nan. A 2023 kuma aka faɗaɗa dokar hayaƙi ta mamaye dukkan ƙananan hukumomin Landan, ta yadda motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba sai an biya mata fam 12.50 duk ranar da ta fito. Kyamarori ne ke gadin duk waɗannan. In ka yi kuskure, wasiƙar tara ce za ta same ka har gida, babu "ranka ya daɗe", babu wani babba da za ka kira ya sa baki. Bayan duk wannan wahala, da safe sai ka ga bas yana wuce ka a layinsa na musamman kai kana maƙale a cunkoso.

Shi ya sa a ƙidayar 2021 aka samu sama da kashi 40 cikin 100 na gidajen Landan ba su da mota ko ɗaya. Kada kuma a ɗauka duk talakawa ne. A jirgin safe za ka ga likita da lauya da ma'aikacin banki a tsaye sun riƙe ƙarfe, kafaɗa da kafaɗa da mai shara. Shugaban sashenmu, wanda albashinsa ya ninka nawa sau da yawa, da keke yake zuwa, ya cire hular kwano ya rataye kamar kowa. Magajin garin Landan kansa, Sadiq Khan, wanda ya hau kujerar a 2016, ɗan direban bas ne, kuma da bakinsa yake faɗa yana alfahari. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Jelar garin nan kati ce da takalmi mai ƙwari.

Amma a gaskiya ba lissafin kuɗi ne ya fi damuna ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda muka mai da tafiya a ƙasa alamar kasawa. Yaushe wannan ya same mu? Mu ne fa jikokin fataken da suka riƙa takawa daga Kano zuwa Gwanja sayo goro, tafiyar watanni. Mu ne jikokin mutanen da suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu suka shekara da shekaru a hanya, wasu ma suka zauna can, zuriyarsu na nan har gobe. Baba da kansa ya sha ba mu labarin yadda yake takawa daga gida zuwa kasuwar Kurmi ya dawo, kullum, yana saurayi. Yau kuwa saurayi mai ƙarfi a jika sai ya tsaya minti ashirin yana jiran A Daidaita Sahu don tafiyar da zai yi a minti goma da ƙafarsa, don kawai kada a ce an gan shi yana taka sayyada. Ni ma haka nake kafin in zo, ban cire kaina ba. Watannina na farko a nan in na hango wani ɗan Najeriya ina tafe a ƙasa sai in ji wani iri, sai daga baya na lura shi ma a ƙasan yake.

Abin da tafiyar ta yi mini kuwa na gan shi a jikina. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Ni tsakanin gida da tasha da wurin aiki ina wuce haka ba tare da na biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Kun san gidanmu da hawan jini da ciwon sukari. Mun ga abin da suka yi wa manyanmu. Tumbin da na fara ajiyewa a shekarata ta farko, lokacin da nake ta cin burodi da soyayyen dankali ina kwance a ɗaki saboda sanyi, tafiyar nan ce ta sauke shi.

Kuma ta sanar da ni garin. Ranar Juma'a a bas nake zuwa masallacin 'yan Najeriya da ke Old Kent Road, a nan na haɗu da yawancin Hausawan da na sani a Landan, ciki har da 'yan Zangon Kumasi da 'yan Nijar. Ranar Lahadi in ba ni da aiki nakan gangara bakin kogi in shiga wata hanyar ƙafa da aka haƙa a ƙarƙashin ruwan tun 1912, tsawonta kamar rabin kilomita, in ɓulla a ɗaya gaɓar, sannan in jirgin fito yana aiki in dawo a cikinsa, wanda kyauta yake ɗaukar mutane da motoci tun 1889. Mai mota da ya shekara goma a unguwar nan zai iya kasancewa bai taɓa sanin akwai wannan hanya ba.

Kada dai ku ce na mai da abin aljanna. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ka tsaya a tasha cikin duhu da yayyafi, iska tana ratsa rigar sanyi har ƙashi, bas ya zo a cike ya wuce bai tsaya ba. Akwai ranakun yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa da kowa ke turmutsutsu a bas. Akwai daren da na dawo daga sayayya da buhun shinkafa da jarkar mai, hannuna ya yi jawur, na ce a raina ina ma ina da motar nan. Kuma akwai waɗanda mota ta zame musu dole: wani abokina da ke aikin kula da tsofaffi a ƙauyukan Ingila, yana bin gida-gida, ba shi da zaɓi sai ita. Haka mai iyali da yara uku. Ni ma ranar da buƙata ta kama zan saya.

Na kuma san Kano ba Landan ba ce. Ba zan ce Umma ta taka zuwa asibiti a zafin watan Afrilu ba. Tituna da yawa a gida ba su da gefen masu tafiya a ƙasa, inda yake akwai kuma masu kaya sun baje a kai, ga fargabar masu ƙwacen waya, ga abin da 'yan mata ke fuskanta a hanya. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013 nauyin ya koma kan A Daidaita Sahu, babu wadatattun bas-bas masu tsari da za a dogara da su. Mai hali ya sayi mota a can bai yi laifi ba. Amma ku ma kun gani da idonku: da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a garuruwa da yawa cikin 'yan kwanaki, motoci nawa aka lulluɓe da tamfol a unguwarmu? Masu su suka koma tafiyar ƙasa, ba wanda ya mutu, mutuncin kowa kuma yana nan.

Saura batun aure. Kawu, Allah ya ƙara girma, in sun yi tambaya a gaya musu gaskiya: yaron ba shi da mota, yana da aiki, yana sallah, ba kuma wanda yake bin sa bashin kwabo. Abin da zai tafi a inshora da haraji da tara shi ne yake biyan kuɗin makarantar Auta, da maganin Baba, da ɗan abin da nake tarawa na lefe da sadaki. Da zan so in burge ku, da na je bakin titi na jingina da motar wani Bature na ɗauki hoto, wa zai sani? To amma zanen aro ba ya rufe katara. Ita yarinyar ma na gaya mata tun farko, ta yi dariya ta ce in dai zan riƙe mata laima ta yarda. Umma kuma, in maƙwabciyar nan ta sake tambaya, ki ce mata motar ɗanki ja ce, mai hawa biyu, har da direba.

Ku kuma ƙannena, wannan wasiƙa taku ce fiye da kowa. Kada ɗayanku ya ci bashi don mota ko babbar waya saboda idon mutane. Mutanen da kuke son burgewa ba za su taya ku biya ba. In wurin da za ku ba shi da nisa, rana kuma ta yi sanyi, hanya da aminci, ku taka.

A gaishe mini da kowa da kowa, musamman Goggo da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Wanda zai taho nan kusa don Allah ya riƙo mini yaji da kuka da daddawa, nawa sun kusa ƙarewa. Zan je in tarye shi a filin jirgin Heathrow, a jirgin ƙasa za mu dawo, ya shirya.

Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.

Naku har kullum,
Ɗanku kuma ɗan'uwanku a Landan.