Daɓen Siminti Ruwa Yake So, Ba Rana Ba

Jama'a, kaka ta yi, magidanta a Kakuri da Makera da Barnawa suna ta daɓe tsakar gida da siminti don shanyar masara. Amma sau da yawa kafin damina daɓen ya tsattsage, ƙwari su sami gida, sai a zagi birkila. Ni a ganina laifin maigida ne.

Ba bushewa ke sa siminti ƙarfi ba, ruwa ne. In iskar hunturu ta shanye shi da wuri, to, aiki ya ɓaci.

A fara daddaɓe ƙasa tukuna. A gauraya kwanon sarki 1 na siminti, 2 na yashi marar laka, 4 na tsakuwa, kada kwaɓin ya yi ruwa-ruwa. Kaurinsa inci 4, a tsaga layi kowace ƙafa 10. Sa'an nan a lulluɓe da jiƙaƙƙun buhunan algarara, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Kaya masu nauyi kuwa su dakata sai kwana 28.

Siminti da tsada, ruwa da araha. Wanda ya yi rowar ruwa zai sayi siminti sau biyu.