Robar gyaran haƙori a gidan masu cin goro

Tun da 'yata ta dawo daga Kumasi da roba a baki, gidanmu ya shiga sabon lissafi. Haƙoranta na gaba sun hau juna tun tana ƙarama, har ta saba dariya da hannu a baki. Yayanta da ke waje shi ya biya kuɗin. Likita bai sa mata waya ba, wata roba ya ba ta garai-garai, wadda aka ƙera daidai haƙoranta, sai ka matso kusa za ka gan ta. A Amurka aka fara sayar da irinta a 1999 da sunan Invisalign, yanzu kamfanoni da dama na yi. Kakarta dai sharaɗi ɗaya ta gindaya: kar a taɓa mata wushirya.

Dokar robar ita ce ta zauna a baki awa 20 zuwa 22 a yini, a canza sabuwa duk sati ɗaya ko biyu. Ba a ci da ita, ba a shan komai da ita sai ruwa mara zafi. In an ci kuma, sai an goge haƙora kafin a mayar. Wato abin da ya rage na ci da wanke baki awa biyu zuwa huɗu ne kacal.

To, duk wanda ya zauna a rumfa a kasuwar Yendi ya san bakin ɗan kasuwa ba ya hutu. Koko da ƙosai da safe, mai gyaɗa ta wuce, mai zoɓo ta ƙwala kira, ga fura da rana, ga shayi in la'asar ta yi. Goro kuwa ba a magana, mu da kakanninmu suka tako daga ƙasar Hausa zuwa Salaga saboda shi. Yarinya tana taya uwarta zaman shago, sai ta ga cire roba sau goma wahala ce, ta fara kurɓar zoɓo da ita a baki.

Nan ne matsalar take, kuma ni ma ban gane ba sai da likitan ya yi mana bayani. Yawu shi ke wanke haƙori, yana rage tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa in sun samu suga. Roba tana rufe haƙori ruf, yawu ba ya kaiwa yadda ya kamata. Zaƙin da ya shige ƙarƙashinta sai ya kwanta a kan haƙori awa da awanni. Da ta koma dubawa, an tarar da farin tabo a haƙora biyu kusa da dasashi, farkon ruɓewa ke nan. Haƙori yana miƙewa, yana kuma lalacewa a lokaci guda.

Ga kuma ƙananan asara. Ta taɓa wanke roba da ruwan zafi lokacin sanyi, ta lanƙwashe. Wata ta naɗe ta a takarda a wurin suna, aka share da ita. Daga Yendi sai ka je Tamale, sannan ka kama doguwar hanyar Kumasi, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa mutum hankali.

Uwarta ce ta samo dabara. Ta ce tunda ana alwala sau biyar, a haɗa cin abinci da lokutan salla, sauran lokaci baki a rufe. Ta ɗinka mata 'yar jaka: buroshi mai laushi, man goge baki mai fuloraid, zaren sakace, akwatin roba, da fiya wata guda. Robar kanta ruwan sanyi da ɗan sabulu mara ƙamshi take so, da buroshinta daban, don man goge baki yana karce ta, ta dushe. Aswaki ba a bar shi ba, amma ba ya shiga tsakanin haƙora, sai zare.

Ni a ganina, kafin a biya ko sisi, a fara tambayar yaro ko zai iya wannan horon wata da watanni. A sa likita ya duba rami da dasashi tukuna. Wadda ake tallatawa a intanet ba tare da likita ya leƙa baki ba, ban yarda da ita ba. Ni kaina, da goro a kumatu tun asuba, na san ba tawa ba ce.

Jiya wata tsohuwa 'yar Bawku ta zo sayen atamfa, ta ɓara goro ta miƙa wa yarinyar. Ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta ƙulle a bakin gyale. Da yamma ta kawo mini, ta ce, "Baba, ga rabonka."