Zuwa ga 'ya'yana fastoci, a kan bagade da masu neman ƙuri'a

'Ya'yana cikin Ubangiji,

Na san nauyin da ke kanku. Albashi ba ya kai ƙarshen wata, wasunku suna kiwon garke a ƙauyukan da ba a barci da ido biyu, kuma kun fi mu karatu nesa ba kusa ba. Allah ya saka muku. Amma ba yabo ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kuke miƙa wa 'yan takara bagade. Da zarar zaɓe ya ƙarato, sai a shirya sujadar godiya ko gidauniyar gini. A tashi iyayenmu na zumuntar mata daga bencin gaba, a jera kujerun alfarma. A gajarta wa'azi domin mai girma ya samu lokacin jawabi. Ya yi alkawarin siminti da kwanon rufi, mawaƙa su ɗauki kiɗa, a ɗora masa hannu a ce zaɓaɓɓen Allah ne. Wa ya gaya muku? Sura ta biyu ta wasiƙar Yakubu a kan rabon kujera irin wannan take magana, kuma da bakinku kuka koyar da ita a makarantar Lahadi.

Ban hana Kirista siyasa ba. Ya yanki katin zaɓe, ya tsaya takara in yana da hali. Ikkilisiya ma wajibi ne ta buɗe baki a kan kashe-kashe da satar mutane da zaluncin masu mulki, shi ya sa iyayenmu suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar Kiristoci ta CAN a 1976. Amma in baki ya ci, ido kan ji kunya. Faston da rufin majami'arsa kyautar ciyaman ne, ranar da aka karkatar da takin manoma, da wane baki zai yi magana? Annabi Natan bai shiga wurin Dauda da takardar neman taimako ba. Ga kuma 'yan'uwa na wata jam'iyyar a zaune suna kallonku, gobe su ma daga hannunku za su karɓi Jibin Ubangiji.

Za ku ce muna ƙaruwa, dole a faɗaɗa gini. Ku duba littafin membobi da gaskiya. Mutum nawa ne suka bi ta ajin baftisma, nawa ne kuma suka tsallako daga majami'ar da ke bayan layi saboda kayan kiɗanku sun fi ƙara? Ku tuna, a Garkida, a 1923, ƙarƙashin tsamiya aka yi sujadar da ta haifi ikkilisiyar EYN. Masu bisharar da ƙungiyar bishara ta EMS ta soma aikawa tun 1948, baikon manoma ne ya ciyar da su, dami da kwano. Zamanin shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa, a zaurukan gidaje muke taruwa mu yi addu'a, mu fita biyu-biyu. Fasto ya san sunan kowane yaro, ya san gwauruwar da rumbunta ya ƙare. Yanzu tsoho zai kwanta jinya wata guda, fasto yana ofishin ɗan majalisa yana jiran a kira shi. Wannan abin kunya ne, kuma kun sani. Rabaran Lawan Andimi na Michika, da 'yan Boko Haram suka kashe a Janairun 2020, ba don wannan ya ba da ransa ba.

Ku yi haƙuri da zafin harshen tsoho, ƙauna ce. Roƙona kaɗan ne. In ɗan takara ya zo sujada, ku marabce shi, ya zauna inda ya samu wuri, a yi masa addu'a tare da abokin hamayyarsa. In yana da kyauta, ya sa a kwanon baiko ba tare da shela ba. Ku gaya wa dattawan ikkilisiya wannan shawara tun yanzu, a rubuta ta, kafin wasiƙun neman ziyara su fara zuwa.

Ku gaishe mini da iyali.

Babanku cikin Ubangiji,
Fasto mai ritaya