RA'AYINMU: Lauya Ma Yana Da Na Gaba Da Shi

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, kuka ya yi yawa a kan lauyoyi, kuma kusan iri ɗaya ne. An kama yaro a Agogo ko Afram Plains wai shanunsa sun ci gona. Uba ya kai bijimi biyu kasuwar Tulaku a Ashaiman ya sayar, ya miƙa kuɗin ga wani da ya ce ya san lauya. Ranar shari'a lauya bai zo ba, alƙali ya ɗaga, yaro ya koma ɗaki. Idan muka tambayi rasit, babu.

Yawancinmu gani muke lauya ba shi da mai tsawata masa. To akwai. Dokar aikin lauya ta 1960, wadda ake kira Act 32, ita ta kafa General Legal Council a nan Ankara, kuma Alƙalin Alƙalan Ghana ne shugabanta. Tana da kwamitin ladabtarwa da ke da ikon dakatar da lauya, ko ma share sunansa daga littafin lauyoyi baki ɗaya. Ƙa'idojin halin lauya kuwa an rubuta su tun 1969, aka sabunta su a 2020.

Abu na farko da muke so kowa ya riƙe shi ne lasisi. Lauyan da zai shigar maka da takardu a kotu dole ya sabunta lasisinsa kowace shekara. A 2016 Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar da lauya marar lasisin wannan shekara ya shigar, banza ce. Ku duba nauyin wannan magana: ka biya kuɗi, ka kwashi shaidu daga ruga a mota, kana da gaskiya, amma a watsar da ƙararka saboda sakacin wani. Don haka tambayar lasisi ba raini ba ne. Mu da ba mu sayen saniya sai mun duba haƙoranta, ina dalilin jin kunya a nan?

Sai 'yan tsakiya, waɗanda ake ce wa goro boys, masu tsayawa a bakin kotu da ofishin 'yan sanda suna jiran baƙon da ba ya jin Turanci ko Twi. Ƙa'ida ta hana lauya farautar masu ƙara ta hannun irin waɗannan. Dillali a kasuwar shanu kowa ya san la'adarsa, na bakin kotu kuwa rabin kuɗinka yake ci kafin lauya ya ga sauran. Ka je ofishin lauya da ƙafarka, ka ɗauki tafinta daga zango wanda ka yarda da shi.

Maganar kuɗi a yi ta a rubuce tun ranar farko, kowane sidi da rasit ɗinsa. Kuɗin diyya da aka biya ka ta hannun lauya amana ce, ba a yarda ya cuɗa shi da nasa ba. Ko shi ne ke binka, doka ta ce sai ya ba ka takardar lissafi, wata ɗaya ya cika, kafin ya kai ka ƙara. Haka kuma lauya ɗaya ba ya tsaya wa mai gona da mai shanu a rigima ɗaya, kuma sirrin da ka faɗa masa ba ya fita.

Mu ma da namu. Duk wanda ya ce ka ƙaro "na alƙali", ka sani cin hanci yake kiranka, kuma mai bayarwa ma laifi ya yi a gaban doka.

Wanda ba shi da abin biya, akwai Legal Aid Commission da aka kafa da dokar 2018 domin talakawa. Tsarin mulkin 1992 kuma ya ce wanda aka tsare a kai shi gaban kotu cikin awa 48, kuma yana da ikon ganin lauyan da ya zaɓa.

Ƙorafi a kan lauya a rubuce ake kai shi, maganar baki a majalisar Nima ko Maamobi ba ta isa can. Duk wanda aka cuta ya zo ofishinmu na Kotobabi da sunan lauyan, da lambar shari'ar, da ranakun da aka zauna, da duk takardar da ke hannunsa, sakatare zai taya shi rubutawa.