Rubu'in da Muke Bar wa Baitulmalin Ingila

Maganata ta yau da 'yan'uwanmu ce mazauna Birtaniya, 'ya'yan zangon Kumasi da Nima da Tamale, da na Yamai da Maradi da Garwa, waɗanda neman halali ya kai Landan da Manchesta. Ba wanda zai tuhume su da rowa. Idan aka tashi bikin al'ada a gida, ko za a buga waƙoƙin wani malami da ya riga mu gidan gaskiya, ko za a saya wa matasa kayan kiɗan fada, kuɗinsu kan iso kafin na mazauna gari. Abin da nake tuhumarsu da shi daban ne: suna bayarwa ta hanyar da ke jawo wa abin da suke ƙauna asara, alhali dokar ƙasar da suke zaune ta buɗe musu ƙofar da za a ƙara wa kyautarsu rubu'i ba tare da sun cire ko kwabo daga aljihu ba.

Tsarin ana kiransa Gift Aid. An kafa shi a 1990, a lokacin sai kyautar da ta kai fam 600 ake karɓa a cikinsa, sai a shekarar 2000 aka cire wannan ƙa'ida, ya zama ko fam ɗaya ce ta shiga. Hikimarsa ita ce: kuɗin da ke hannun ma'aikaci an riga an cire masa haraji. Idan ya ba da shi ga ƙungiyar jinƙai da hukuma ta sani, gwamnati na mayar da harajin nan ga ƙungiyar. Wanda ke biyan harajin kashi 20 cikin ɗari, in ya ba da fam 100 ya kuma sa hannu a takardar shaida, ƙungiyar za ta karɓi ƙarin fam 25 daga hukumar haraji ta HMRC, kyautar ta zama fam 125. Wanda albashinsa ya kai matakin kashi 40, kamar yawancin likitocinmu da ke can, shi ma yana da haƙƙin neman a mayar masa da fam 25 idan ya zo cike takardar harajin shekara. Ke nan fam 75 ta fita daga hannunsa, fam 125 ta isa inda ya nufa. A Sikotilan matakan harajin sun ɗan bambanta, amma rubu'in da ƙungiya ke samu ɗaya ne.

Dokar ƙungiyoyin jinƙai ta 2011 ta Ingila da Wales ta ambaci raya fasaha da al'adu da kayan tarihi a fili cikin manufofin da ake yarda da su, kafaɗa da kafaɗa da yaƙi da talauci da yaɗa ilimi. Don haka ƙungiyar da aikinta adana littattafan ajami ne, ko koya wa yara saƙa da rini da dukanci, ko naɗar muryar tsofaffin mawaƙa kafin ƙasa ta rufe idonsu, tana da gurbi a dokar.

To, me ya hana mu? Na saurari uzurori, kuma biyu daga cikinsu sun cancanci amsa ta mutunci.

Na farko na masu tsoron Allah ne. Suna cewa sadaka a ɓoye ta fi, yaya mutum zai rubuta sunansa da adireshinsa a takarda, har ma ya koma yana neman a mayar masa da wani abu, ladan bai zube ba? Ina girmama wannan tsoro, amma ina ganin an haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba. Riya ita ce neman idon mutane da yabonsu. Takardar Gift Aid kuwa ma'aji ne kaɗai ke ganinta, sai wani akawu a ofishin haraji da bai san ka ba, ba zai kuma taɓa yi maka kirari ba. In ana maganar riya, wanda ya tashi tsakiyar taro yana liƙi maroƙi na ambaton kakanninsa ya fi kusa da ita nesa ba kusa ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Addinin da ya ba rubutun dukiya wannan matsayi ba zai ƙyamaci rasit ba. Amma fam 25 da ke komowa hannun mai bayarwa, gaskiya ita ce abin da ya fitar fam 75 ne, kada ya ƙirga wa kansa ɗari. In zuciyarsa ba ta kwanta ba, magani na kusa: ya karɓo ta ya sake bayar da ita. Barin ta a baitulmalin Ingila ba tsantseni ba ne, sakaci ne.

Sai dai a nan dole in ja layi, domin na ga masu son zuciya na neman shafe shi. Kyauta ga ƙungiyar fasaha ba zakka ba ce. Zakka tana da masu ita, kashi takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, kuma gidan tarihi da ƙungiyar makaɗa ba sa ciki. Wannan babin sadakar ganin dama ne da waƙafi. Kowa ya fitar da zakkarsa ga masu ita tukuna, sannan a zo maganar kalangu da tawada.

Uzuri na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne ainihin ciwon. Suna cewa: wa za mu ba? Rangwamen ba ya bin kuɗin da aka tura wa ƙani ta waya, ko aka damƙa wa mai tafiya gida a ambulan. Tun daga Afrilun 2024 ma an taƙaita shi ga ƙungiyoyin da ke Birtaniya kaɗai, an cire na ƙasashen Turai da a da ake karɓa. Ƙungiyar da ke Birtaniya tana iya kashe kuɗinta a Gana ko Nijar ko Kamaru, amma sai ta iya nuna wa hukuma cewa ta bi diddigi kuɗin ya tafi inda aka ce. Ma'ana sai da amintattu masu suna, da asusun banki da sunan ƙungiya, da littafin shiga da fita, da rahoton shekara. Duk ƙungiyar da kuɗin shigarta ya wuce fam 5,000 a shekara a Ingila da Wales wajibi ne ta yi rajista da hukumar Charity Commission, bayanan rajistarta kuma kowa na iya dubawa a intanet.

Wanda ya daɗe yana riƙe wa dattawa alƙalami ya san cewa nan ne gizo ke saƙar. Mu mutane ne masu kunyar tambayar babba lissafi. A tara kuɗi a ba Alhaji, shi ke nan, wanda ya ce ina rasit ya zama marar tarbiyya. Ni kuwa a ganina wannan sharaɗi na Turawa alheri ne a gare mu fiye da rubu'in kansa, domin yana ɗauke wa yaro nauyin tambaya, yana kuma kare dattijo daga zargi. Idan doka ce ta nemi lissafi, ba wanda ya ci mutuncin wani.

Kada a ɗauka mafarki nake yi. Shirin ceto tsofaffin takardu na British Library, wanda aka fara a 2004, da kuɗin gidauniyar Arcadia yake gudana, kuma da shi aka ɗauki hoton dubban littattafan hannu na garin Jenne a Mali. Dukiyar jinƙai ce da aka ajiye a Landan ta yi aiki a bakin kogin Bani. Mu kuma muna da namu abin ceto. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga ya rasu a Kete-Karachi a 1934, ya bar waƙoƙi da Larabci da ajami. Cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Gana a Legon ta tattara wani kaso na irin waɗannan rubuce-rubuce a shekarun 1960, cibiyar IRSH ta Yamai ma tana da taskarta. Amma abin da ya rage cikin adakoki da gafakoki a zangunanmu, gara da damina ne ke karanta shi.

Akwai wasu ƙofofin bayan Gift Aid. Mai albashi na iya shiga tsarin Payroll Giving idan ma'aikatarsa na yi, a riƙa cire kyautar kafin a lissafa haraji, fam 10 ta tsaya masa a fam 8, ko fam 6 in yana matakin kashi 40. Mai hannun jari ko fili ko gida, in ya ba da shi kai tsaye maimakon ya sayar ya ba da kuɗin, ba a bin sa harajin ribar kadara, ana kuma rage darajar abin daga kuɗin shigar da za a yi masa haraji a kai.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce wasiyya. A Birtaniya ana karɓar harajin gado kashi 40 cikin ɗari a kan abin da ya haura fam 325,000, kuma duk wanda ya mallaki gida a Landan ya san wannan adadi ba shi da nisa. Abin da aka bar wa ƙungiyar jinƙai ba a taɓa shi. Tun 2012 kuma, wanda ya bar kashi 10 cikin ɗari na abin da ya haura, sauran sai a yi masa haraji kashi 36. Mu ɗauki mai dukiyar fam 525,000, mu ajiye sauran rangwamen da ake yi wa ma'aurata da gidan zama a gefe don lissafi ya yi sauƙi. In bai bar komai ba, hukuma ta ɗauki fam 80,000, magada su tashi da 445,000. In ya yi wasiyyar fam 20,000, haraji ya sauko 64,800, magada su sami 440,200. Wato magada sun rasa fam 4,800, ƙungiya ta sami 20,000. Shari'a ta ba Musulmi iko da sulusin dukiyarsa ya yi wasiyya ga wanda ba magaji ba, wannan kaso kuwa bai kama ƙafar sulusi ba. Dokar Ingila ba ta raba gado bisa fara'ili idan mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, saboda haka zuwa wurin lauya dole ne ko da ba don wannan ba. Tun da za a je, a ƙara layi ɗaya.

Ban ce tsarin ba shi da aibi ba. Wanda ya fi kuɗi shi ya fi samun rangwame, kuma ta wannan hanya attajiri ke zaɓa wa baitulmali inda wani kaso nasa zai tafi. A 2012 ministan kuɗi George Osborne ya nemi sa wa rangwamen iyaka, ƙungiyoyin jinƙai suka yi ca, ya janye. Wannan muhawarar 'yan ƙasa ce, su yi ta. Amma matuƙar ƙofar na buɗe, gidajen wasan kwaikwayo da gidajen tarihin Landan na shiga ta cikinta kullum, ban ga dalilin da zai sa ajami ya tsaya a waje ba.

Gargaɗi ga mai sa hannu: kada ka shaida abin da ba haka ba. Sai ka biya haraji a wannan shekarar da ya kai abin da ƙungiyoyi za su karɓo da sunanka, in bai kai ba kai hukuma za ta bi bashin cikon. Ɗalibi da marar aiki su ba da kyautarsu ba tare da takardar ba. Kuɗin kuma ya zama naka ne na kanka. Wanda ya tara gudummawar mutum goma ba zai sa sunansa shi kaɗai ba, kowa da takardarsa. Kuɗin tikitin shiga wasa ciniki ne, ba kyauta ba. Na kwanon da ake zagayawa da shi a taro kuwa an yi masa tanadi na daban: ƙananan kyaututtuka na fam 30 zuwa ƙasa, ƙungiya na iya neman rubu'insu ba tare da sunan kowa ba, har zuwa jimillar fam 8,000 a shekara, muddin ta cika sharuɗɗan HMRC, ciki har da yin rajista a wurinta da zuba kuɗin a asusunta na banki.